Shekarar Hijira Ta 1195: Sarautar Alwali Da Haihuwar Muhammadu Bello

Shekarar Hijira ta 1195 ta yi daidai da 1781 ta Miladiyya, kusan daga farkonta har ƙarshenta. A littattafan Turawa ana tunawa da ita saboda a watan Oktoba ne Janar Cornwallis na Ingila ya miƙa wuya ga George Washington a Yorktown, abin da ya buɗe wa Amurka ƙofar mulkin kai. A watan Maris kuma William Herschel ya hango duniyar Uranus da madubinsa na hangen nesa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a ƙarshen shekarar ma'aikatan jirgin bayi mai suna Zong suka jefa 'yan Afirka fiye da 130 cikin teku da ransu, don a biya masu jirgin kuɗin inshora.

Amma ga Musulmin ƙasar Hausa, abu biyu ne suka fi waɗannan nauyi.

Na farko, a Kano Muhammadu Alwali ɗan Yaji ya gaji ɗan'uwansa Sarki Dauda Abasama. Tun daga birni har ƙasar Gaya, inda Gafasa da Ajingi suke a yau, talakawa suka shiga hannunsa. Littafin Tarihin Kano ya ce ya tara hatsi mai yawa don shirin yaƙi, amma duk da haka yunwa ta same shi. A zamaninsa ne aka yi ta Dirki, wato Alƙur'ani da aka naɗe da fatu tun zamanin sarakunan da, ana yanka masa shanu in ƙasa ta shiga matsi. Aka nemi Alwali ya ba da shanu ya ƙi, ya sa samari suka sare fatun da gatari, sai ga Littafin Allah a ciki. Wannan shi ne irin garwaya Musulunci da al'adun jahiliyya da malaman wancan zamani suka yi ta wa'azi a kansa, kuma a nan dai adalci ne a ce Alwali ya yi daidai.

Na biyu kuwa babu tambari babu algaita. Can yamma, an haifa wa wani malami Bafillace mai shekara 27, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ɗa namiji, aka raɗa masa suna Muhammadu Bello. A lokacin Bawa Jangwarzo ke sarautar Gobir a Alƙalawa, Shehu kuwa yana yawon wa'azi ne kawai. Yaron ya yi karatu wurin mahaifinsa da baffansa Abdullahi, ya gina Sakkwato a 1809, ya wallafa Infaƙul Maisuri a 1812, ya zama Sarkin Musulmi a 1817, ya rasu a Wurno a 1837, Allah Ya jiƙansa.

Jihadin da aka fara a 1804 ya iso Kano. A 1807 jama'ar Shehu suka karya rundunar Alwali a Ɗanyaya, ya bar birni, daga baya aka kashe shi a Burumburum, Malam Sulaimanu ya zama Sarkin Kano. A wannan shekara Bello yana da shekara 26, daidai da shekarun da Alwali ya yi bisa gado.