Yadda Ƙarfe Ke Cin Ƙarfe

Duk wanda ya taɓa fasa tsohon batirin tocila zai tarar da baƙin sandan gawayi na tsakiya garau, amma kwanson tutiyar da ke kewaye da shi ya zagwanye. Dalili kuwa shi ne, idan abubuwa biyu mabambanta masu ɗaukar lantarki suka haɗu, danshi kuma ya shiga tsakaninsu, sai wata 'yar wuta ta riƙa gudana, mai rauninsu ya dinga cinyewa.

Maƙeran jiragen sama na fama da wannan matsala. Jirgin Boeing 787, wanda ya fara jigilar fasinja a 2011, kimanin rabin nauyin jikinsa zaren gawayi ne da aka daskarar da ƙaro. Wannan zare ba ya tsatsa, amma in ya taɓa alminiyam cikin laima, sai alminiyam ɗin ya ruɓe. Saboda haka akan shimfiɗa zaren gilashi da fenti a tsakaninsu, a kuma ɗaure da ƙusoshin taitaniyam.

Wannan ka'ida tana aiki a gidajenmu. A Sakwa da Azare da sauran garuruwan ƙasar Katagum, inda rufin kwano da farantan sola suke ƙaruwa, ruwan damina ne ke haɗa wutar. Don haka ana jan hankalin jama'a:

1. Kada a ɗaure wayar tagulla kai tsaye a jikin alminiyam.
2. A buga kwanon alminiyam da ƙusa mai roba a wuya.
3. A duba mahaɗa kafin damina. Farar hoda alamar ɓarna ce.

Rigakafi ya fi magani.