Nauyin Aiki Da Hutun Zuciya: Darasi Daga Gonakin Kura Da Bunkure

 Darasin wannan mako ya shafi wata cuta wadda ba ta fitowa a fatar jiki, amma tana cin mutum kamar yadda gara ke cin azara, watau damuwa da ƙuncin zuciya waɗanda nauyin aiki ke haifarwa. Mutane da yawa suna zaton wannan cuta ta ma'aikatan ofis ce kawai. Wanda ya san ƙasar Kura da Bunkure kuwa ya san ba haka abin yake ba.

A zamanin da, manomin wannan yanki damina ce lokacin wahalarsa. In ya kai amfani gida da kaka, sai ya sami sararin gyaran shinge, da ziyarar dangi, da zaman karatu a zauren malamai, ko kuwa ya kama sana'ar hannu, domin Kura tun da can ta yi suna wajen rini da bugu. Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, aka kuma kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, sai ruwa ya riƙa gangarowa ta manyan magudanai har cikin gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam. Lalle wannan ni'ima ce babba: alkama da shinkafa da tumatir da albasa da masara suka samu a lokacin da a da babu kome a fili sai ƙura. Sai dai ni'imar ta zo da farashinta. Shekara ta zama ba ta da gaɓar hutu. Kafin a gama sussukar shinkafar damina an fara rainon irin tumatir, kafin a tsinke tumatir alkama ta nuna, ana gama wannan kuma gajimare ya fara haɗuwa.

Malamai sun rarrabe ciwon zuciya gida biyu. Akwai wanda Larabawa ke kira huznu, watau baƙin ciki a kan abin da ya riga ya wuce, akwai kuma hammu, watau zullumin abin da bai zo ba tukuna. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana yawan neman tsari daga su biyun, yana haɗa su da kasala da nauyin bashi, kamar yadda Buhari ya ruwaito daga Anas. Mai noman rani ya san kowannensu. Yana baƙin cikin kwandunan tumatir da ya kai Kwanar Gafan kasuwa ta faɗi har kuɗin mota bai fita ba, yana kuma kwana da zullumin ko gobe ruwa zai iso gonarsa.

Maganar ruwa ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, gama ita ce tushen yawancin husuma da rashin barci a wannan yanki. Magudana tana da kai tana da wutsiya. Wanda gonarsa ke kusa da ƙofar ruwa yana sha ya ƙoshi, wani lokaci har ya bar ruwa yana malala a banza, alhali na can ƙarshe yana kallon shukarsa tana yaushi. In kacalla da yashi suka toshe hanya, sai abin ya ƙara tsananta, mutum ya bar iyalinsa ya tafi ban ruwa da tsakar dare cikin sanyin hunturu, yana gadin rabonsa kada wani ya kautar da shi.

Irin wannan rigima ba sabuwa ba ce. Buhari da Muslim sun kawo labarin Zubairu ɗan Awwam da wani mutumin Madina, waɗanda suka yi jayayya a kan wata ƙorama da suke shayar da dabino da ita. Gonar Zubairu ce a sama. Da suka kai ƙara, Annabi ya umurci Zubairu ya shayar kaɗan sa'an nan ya sakar wa maƙwabcinsa, wannan kuwa sulhu ne mai sauƙaƙa wa na ƙasa. Mutumin nan ya fusata, ya yi zargin an fifita Zubairu ne don shi ɗan gwaggon Annabi ne. Nan take fuskar Annabi ta sauya, ya ba Zubairu cikakken haƙƙinsa, watau ya riƙe ruwan har ya kai kunyoyin gonar kafin ya saki. Imamu Malik kuma ya kawo a cikin Muwaɗɗa hukuncin da aka yanke game da wasu ƙoramu biyu na Madina, Mahzuru da Muzainibu: na sama ya tsare ruwa har ya kai idon sawu, daga nan ya sake shi ga na ƙasa.

Abin lura a nan shi ne shari'a ta sanya wa ruwa awo. Ba ta bar shi ga mai ƙarfi ko mai iya kwana a bakin magudana ba. Duk inda aka san iyaka, aka kuma tabbata za a kiyaye ta, rabin damuwa ya tafi, domin abin da ke gajiyar da zuciya ba yawan aiki ba ne kamar rashin tabbas. Saboda haka ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da ake da su a sassan wannan shiri ba aikin hukuma kaɗai suke yi ba. In sun tsara ranakun ban ruwa bisa adalci, suka kira gayyar yashe magudana, suka hana mai hali ya yi kutse, to sun yi aikin addini, sun kuma mayar wa talaka barcinsa. Wanda ya riƙe ruwan da ya wuce bukatarsa kuwa, ya sani hadisi ingantacce ya yi hani ga hana rarar ruwa, kuma hawan jinin maƙwabcinsa yana da kaso a ciki. Labarin Zubairu har wa yau yana da gargaɗi ga na ƙasa: fushi bai ƙara wa mutumin nan ko ɗigo ba, sai ma ya raba shi da rangwamen da aka fara yi masa.

Akwai kuma abin da babu tsarin da zai hana shi. A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta auka wa tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, gonaki suka ƙone cikin 'yan kwanaki, har masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa, wadda aka buɗe a wannan shekara, ta tsaya don rashin abin sarrafawa. Manoman alkama ma sun ga irin nasu: an hana shigo da ita daga waje a 1987, aka ƙarfafa musu gwiwa suka shuka, bayan 'yan shekaru aka janye hanin. A irin wannan hali ne ake bukatar fahimtar tawakkali a kan gaskiyarsa. Tirmizi ya ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Annabi ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umurce shi ya haɗa biyun. Ɗaure raƙuma ga mai lambu shi ne ya nemi iri mai kyau, ya saurari malamin gona, kada ya zuba dukiyarsa duka a tumatir kaɗai, ya kuma ajiye hatsin ci kafin ya sayar, kamar dabarar da Annabi Yusufu ya ba mutanen Masar. In ya yi wannan, abin da ya rage ba a wuyansa yake ba, kuma ɗaukarsa a zuciya ɗaukar kayan da ba nasa ba ne. Ko abin da jan baki ya ci a gonar shinkafa bai tafi a banza ba, gama ya tabbata a Buhari da Muslim cewa abin da tsuntsu ko dabba ko mutum ya ci daga shukar Musulmi ana rubuta masa shi sadaka. Wannan ba ya hana a kori tsuntsu, amma yana hana mutum ya kashe kansa da takaici.

Bashi shi ne abokin tafiyar hasara. Da yawa suna karɓar taki da magani da kuɗin ƙodago a hannun 'yan kasuwa a kan za su biya da amfani. Alkur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, ya wajabta wa mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin matsi har ya samu, ya kuma yi umurni a rubuta bashi a kafa shaidu. Yawancin shari'un da ke ɓata zumunci bayan girbi da an kauce musu da takarda guda.

Jiki ma yana da nasa haƙƙi. Salmanul Farisi ya ziyarci ɗan'uwansa Abud Darda'i, ya tarar ya shagala da azumi da tsayuwar dare har ya manta da iyalinsa. Salmanu ya ƙi cin abinci sai sun ci tare, ya hana shi tashi sai ƙarshen dare, ya tuna masa cewa bayan haƙƙin Ubangiji akwai na rai da na iyali. Da labari ya kai ga Annabi, sai ya gaskata Salmanu. To, in ibada kanta ba a yarda ta cinye mutum ba, ina ga noman albasa? Ƙailula da tsakar rana al'adar magabata ce, salloli biyar kuma sun yanka yini gunduwa-gunduwa, ta yadda ba za a daɗe a sunkuye ba sai an miƙe an wanke fuska an tsaya. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi yakan nemi Bilalu ya hutar da su da salla. Mai yin ta a gurguje a bakin kunya, idonsa na kan bututun ruwa, ya sauke farali amma bai sami hutun ba. A shekarun 2021 zuwa 2023 watan Ramadan ya faɗo cikin bazara, daidai da girbin alkama da tsananin zafi. Malaman Malikiyya sun daɗe da bayani cewa mai girbi zai kwana da niyyar azumi, in wahala ta kai shi ga abin da ba zai iya jurewa ba ya sha ruwa ya rama daga baya.

Mafi munin hanyar da wasu matasa 'yan ƙodago suka ɗauka ita ce haɗiyar ƙwaya irin su tiramol don su yi aikin mutum biyu. Ƙwaya ba ta cire gajiya, tana rufe wa mutum jin ta ne kawai, jiki kuwa yana lissafi, ranar biya tana zuwa da farfaɗiya ko taɓin hankali. Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018, amma doka ba za ta isa ba muddin mai gona yana fifita yaron da ba ya gajiya, yana kuwa sane da dalili. Hadisin Abu Zarri ya hana a ɗora wa na ƙasa aikin da ya fi ƙarfinsa, in kuwa an ɗora, a taya shi. Haka nan jinkirta ladan ma'aikaci: matar da ta yini tana sussuka ko sheƙa, aka ce ta dawo jibi, an tura ta gida da damuwar da ba ta cancanta ba.

Shari'a ta lura da wahalar ban ruwa har a cikin zakka. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya bisa goma, wanda aka shayar da jigo ko inji kuwa ɗaya bisa ashirin. A mazhabar Malikiyya, ruwan da ke gangarowa da kansa ta magudana hukuncinsa na ruwan sama ne, ko da an biya kuɗinsa, kuma kayan lambu irin tumatir da albasa babu zakkar amfanin gona a kansu, sabanin shinkafa da alkama da masara. Mai gonar da ke haɗa magudana da injin ja ya tambayi malaminsa yadda zai ƙididdige.

Wata damuwar kuwa ta wuce nasiha. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934 ta Miladiyya, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, inda ya bambanta baƙin cikin da ke da sanadi bayyananne da wanda ke tasowa daga jiki, mai bukatar magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta bayyana ƙonewar ƙarfi saboda matsin aiki a matsayin lamari sananne. Wanda ya yi makonni ba ya barci, abinci ya fita ransa, kansa na sara, ƙirjinsa na bugawa, ko ya fara jin rayuwa ba ta da amfani, to a kai shi asibiti a auna jininsa, in ta kama a wuce da shi asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa na Dawanau. Wannan ba raunin imani ba ne, neman magani umurnin Annabi ne. Nauyin lura kuwa yana kan maƙwabcin gona da limamin unguwa, domin su ne za su fara ganin mutum ya daina zuwa majalisa bayan kasuwa ta karye.