HARM Huɗu ko Biyu? Tambaya Kan Jirgin F-16 a Wasan Kwamfuta

Wani mai karatu daga Kaduna ya rubuto yana cewa: "Ina buga wasan yaƙin sama na DCS World. A ciki ina iya ɗora wa F-16 makamai masu linzami huɗu samfurin HARM, in fita farautar rada. Amma duk hoton jirgin gaske da na gani, biyu ne a jikinsa. Masu wasan ne suka yi ƙari, ko ni ne ban gane ba?"

Malam, idonka bai yaudare ka ba. 'Yan wasan nan sun daɗe suna sa-in-sa a kan wannan batu.

F-16 na da maratayai tara a fukafukai da ƙarƙashin ciki. In jirgin sojan saman Amurka zai fita aikin rufe bakin makaman kariyar sama, yadda aka saba shirya shi shi ne: HARM ɗaya a maratayi na 3, ɗaya a na 7, sai tankunan mai biyu a na 4 da na 6, kowanne galan 370, wato kusan lita 1,400. Bakin fukafukai na makaman harbo jiragen sama ne. A gefen bakin da injin ke shaƙar iska kuma akwai wata 'yar na'ura, HTS, mai sansano inda rada take. To wuraren tankunan nan biyu su ne wasan ya ba ka damar cikewa da ƙarin HARM.

A nan gizo ke saƙar. Maratayi ya iya ɗaukar nauyi daban, a ce an ja masa wayar da makamin zai yi magana da kwamfutar jirgi daban, a ce kuma runduna ta taɓa fita yaƙi a haka, shi ma daban. Masu wasa sukan tsaya a na farko. Matuƙi kuwa mai ne damuwarsa. HARM guda ya kai kilo 360, tsawonsa ya haura mita huɗu. Ka sauke tankuna ka ɗora biyu a gurbinsu, ka ƙara kaya ka rage guzuri ke nan. Aikin kuma na jira ne: ka riga masu kai hari isa, ka yi ta shawagi har su gama, kai ne na ƙarshen fita. Wanda mansa ya ƙare bayan minti goma, ina amfanin makamansa huɗu?

Tun asali haka sana'ar take. A ranar 24 ga Yuli 1965 makamin SA-2 ƙirar Tarayyar Sobiyet ya kakkaɓo jirgin F-4 na Amurka a Biyetnam ta Arewa. Kafin shekarar ta ƙare aka ƙirƙiro rukunin farautar rada da ake kira Wild Weasel, da jiragen F-100F, daga baya F-105. Makaminsu na farko mai bin hasken rada, Shrike, yana da wani aibi da wasanni da dama ke tsallakewa: tun a ƙasa ake zaɓar irin radar da kansa zai iya ji. In ka tashi da na wannan ka ci karo da waccan, sai dai kallo. Ka ga ashe zaɓen makami na bin bayanan leƙen asiri ne, ba son ran matuƙi ba. HARM, wanda aka fara harbawa a yaƙi a Libiya a 1986, shi ya zo da kai mai jin rada iri-iri.

Amma ni a ganina, kuskuren da ya fi yawan makami girma shi ne abin da ke faruwa bayan an harba. A wasa, sau da yawa rada na nan a kunne kamar fitilar titi har makami ya faɗo mata. Mutum ba ya yin haka. A yaƙin Kosobo na 1999, cikin kwana 78, jiragen NATO sun harba HARM fiye da 700, amma cikin rukunan makaman kariyar sama na SA-6 kusan 25 na Sabiyawa, uku kacal aka tabbatar an lalata. Dabararsu ba wata mai wuya ba ce: a kunna na 'yan daƙiƙoƙi, a kashe, a tattara a sauya wuri. Da irin wannan taka-tsantsan ne rukunin Sabiyawa na Zoltán Dani ya harbo jirgin F-117 a daren 27 ga Maris, da tsohon makamin S-125. Duk da haka ba za a ce HARM ɗin nan sun tafi a banza ba. Da yawa an harba su ne tun kafin rada ta kunnu, don mai ita ya ji tsoron taɓa makunni. In ya yi shiru na minti biyar ɗin da masu bama-bamai ke buƙata, an biya buƙata, ko da ƙwarzane bai samu ba. Wasan da ke ba da maki sai an ga hayaƙi ya koya maka lissafin da ba shi ne na fagen daga ba.

Kada kuma a manta, F-16 ba ya fita shi kaɗai. A Kosobo akwai jiragen EA-6B masu rikita rada da hayaniyar lantarki, akwai jiragen ba da mai a sama, akwai jiragen Tornado na Jamus da nasu HARM ɗin.

Saboda haka, Malam, in nishaɗi kake so, ɗora huɗu abinka, ba wanda zai kai ka ƙara. In kuwa kana son ɗanɗana abin da matuƙin gaske ke ji, ɗauki biyu da tankuna biyu, sa sansaninka nesa da fagen, sannan ka roƙi wanda ke tsara muku fagen ya sa radar ta riƙa mutuwa da zarar an harbo mata. Ka rubuto mana ka faɗi sau nawa ka dawo gida da sauran mai.