Kyamarar Gidanka Tana Ɗaukar Hoto da Daddare Kuwa?

Yawancin kiran da ake yi mini daga wajen Batsari da Safana magana ɗaya ce: “Injiniya, kyamara ta mutu.” In na je, da wuya in tarar da kyamarar ce ta lalace. Ko dai wuta ba ta isa gare ta yadda ya kamata, ko kuma tana aikinta lafiya lau, sabis ne ya yanke tsakaninta da wayar mai gida. Matsaloli biyu ne daban, kuma wanda ya cakuɗa su zai sayi sabuwar kyamara alhali tsohuwar ba ta yi laifin komai ba.

Masu saka kyamara a wannan yanki da yawansu ba a gidan suke kwana ba. Mutum yana Katsina ko Dutsin-Ma, ya bar iyali ko shago ko sito na hatsi a Karare, yana so ya buɗe waya ya ga ƙofar gidansa. Kowa ya san dalili, matsalar tsaro ce, dajin Rugu ba nisa. To amma kallo a waya na ƙarshe ne a jerin abin da ake buƙata. Na farko wuta, na biyu wurin da hoton yake taruwa, sannan intanet.

In kyamararka tana nuna hoto tas da rana, amma da magariba ta yi sai ta fara ƙiftawa, ko layuka su riƙa ratsa hoton, ko ta ɗauke gaba ɗaya sai gari ya waye ta dawo, kada ka zargi sabis. Yunwar wuta take ji. Kewaye da idonta akwai ƙananan fitilu masu ja-ja da ke kunna kansu in duhu ya yi, su ne ke ba ta gani da dare, kuma da sun kunnu wutar da take ja takan kusa ninkawa. Yawancin kyamarorin gida bolt 12 suke so. Adaftar da ta gaji, ko wadda aka rataya wa kyamara huɗu alhali ƙarfin biyu gare ta, za ta iya da rana, da dare ta gaza. Wato a daidai lokacin da aka sayi kyamarar dominsa.

Kebul ma na cin wuta. In aka ja siririn kebul daga ɗaki zuwa bayan katanga mai nisa, a bakin adafta za ka auna 12, a ƙarshensa ka samu 10 ko ƙasa da haka. Shi ya sa nake aunawa a gindin kyamara, kuma bayan duhu ya yi. Kasuwa kuma cike take da kebul ɗin da aka yi wa fentin tagulla a sama, cikinsa alminiyom ne. Kankare shi da reza: in fari ya bayyana, mayar wa mai shago kayansa. Masu amfani da kebul ɗin da ke ɗauko wuta da hoto a tare su sani iyakarsa mita 100 ce, in an wuce haka sai an sa wata na'ura a tsakiya.

A wani sito da aka kira ni, kyamarar ƙofa ta yi makonni ba hoto. Na hau tsani na kwance salatif ɗin da aka naɗe mahaɗar kebul da shi, sai ga ruwan damina ya kwanta a ciki, ƙarfen ya yi kore shar, tururuwa har sun yi gida. Kan mahaɗa ɗaya na canza, na rufe shi cikin ɗan akwatin roba, na lanƙwasa kebul ɗin ƙasa kafin ya shiga don ruwa ya ɗige a waje. Hoto ya dawo nan take.

Batun dogaro da wutar KEDCO kuwa ba sai na ja shi ba. A watan Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama sun kwashe kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna. Ko ba wannan ba, ɗaukewa da kawowa barkatai na kashe faifan ajiya na cikin DVR, na'urar da hoton ke taruwa a cikinta, don yana tsakiyar rubutu ake yanke masa wuta. Kyamarar tsaro tana buƙatar batirinta na kanta. Ga lissafi a sauƙaƙe: kyamara huɗu da DVR sukan ci kamar wat 40, a awa 12 na dare kusan wat-awa 500 ke nan. Batir mai ruwa na 100Ah yana riƙe 1,200 a lissafi, amma rabi kawai ya kamata a sha in ana so ya yi ƙarko. Ka ga batir ɗaya da ƙyar yake kai kyamara asuba. In aka jona masa fanka da talabijin da cajin wayoyin maƙwabta, ƙarfe biyun dare ya kwanta. Nakan roƙi uwargida da kaina a kan wannan, don ita ce ke gida ta san wanda ke jona abu.

Lokacin hunturu kuma ƙura na lulluɓe farantin sola mai cajin batirin, hazo ya rage rana, batir ya kasa cika. A goge faranti da sassafe da tsumma mai laushi, a haɗa da gilashin kyamarar, a cire yanar gizo-gizo da ke gabanta, don da dare hasken fitilun na bugun yanar ya mayar da hoton fari fat.

Sai sabis. In waya ta ce ba ta ga kyamara ba, kafin ka tayar da hankali sa wani a gida ya dubi talabijin ɗin da ke jone da DVR. In hoto na nan, kyamara lafiya take. A duba data tukuna, don ita ce ta fi yawan ƙarewa ba a sani ba, musamman tun ƙarin kuɗin kira da data da NCC ta amince da shi a farkon 2025. Buɗe hoto kai tsaye na awa da awanni na cinye data, a sa shi a ƙaramin inganci in leƙawa kawai za a yi. A tabbata layin da ke cikin rauta an haɗa shi da NIN. A cire shi a sa a waya a tsaya daidai inda rautar take, a gani ko 4G na kamawa, domin sandunan sabis na iya cika a yi kira lafiya amma hoto ya ƙi tafiya. Sau da yawa ɗaga rauta sama kusa da taga, ɓangaren da ke fuskantar ƙarfen sabis, shi ke nan magani. Katangar ƙasa mai kauri da rufin kwano na shanye Wi-Fi sosai, kuma yawancin ƙananan kyamarori 2.4GHz kaɗai suke kamawa. Inda kebul zai iya zuwa, ni kebul nake zaɓa.

Mutanen yankin nan ba su manta watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Batsari da Safana, aka yi watanni ba kira ba data. Kyamarar da ba ta da wurin ajiya sai intanet, a irin wannan hali ado ce kawai a bango. Wadda ke da memori a cikinta, ko DVR mai faifai, ta ci gaba da ɗauka ko da sabis ko babu. A ganina duk mai sayar maka da kyamarar da ba ta ajiye hoto a gida, bai san inda kake zaune ba.

DVR ɗin kuma kada a ɗora shi kan talabijin a falo inda mai shigowa zai fara gani. A ɓoye shi inda iska ke shiga. A canza lambar sirrin da ya zo da ita daga kamfani. A daidaita kyamara ta kalli ƙofa da lungu, ban da tsakar gidan maƙwabci. In wani abu ya faru, hoton na jami'an tsaro ne, kada a watsa shi a WhatsApp, hakan na iya jefa mutanen gidan cikin haɗari.

Akwai wani ɗan batir kamar kwabo a cikin DVR mai riƙe agogo. In ya mutu, duk ɗaukewar wuta kwanan wata ya rikice, ranar da ake neman hoton daren Talata a rasa inda yake. Kuɗinsa ba shi da yawa.

Don Allah, duk mai kyamara ya ware dare ɗaya a mako, ya koma baya ya nemi hoton ƙarfe uku na daren jiya, ya duba kwanan wata da lokaci. In ya samu giɓi, ya rubuta ƙarfe nawa ta ɗauke da ƙarfe nawa ta dawo kafin ya kira mai gyara. Allah Ya ba mu zaman lafiya a yankinmu.