Amsoshin Tambayoyinku: Ƙasa Marar Kwanciyar Hankali

Wannan tambaya ta fito ne daga wani malamin makaranta a Maraɗi. Yana cewa: "Kullum muna ji a labarai an ce ƙasa kaza ba ta da kwanciyar hankali. Yaƙi ake nufi, ko me?"

To Malam, mun gode, Allah ya ƙara basira. Ba lallai sai an yi yaƙi ba. Rashin kwanciyar hankali shi ne mutane su kasa sanin abin da gobe za ta haifar: wa zai yi mulki, wace doka za ta yi aiki, nawa kuɗin aljihunsu zai saya.

Mu ɗauki Nijar. Sojoji sun kifar da Shugaba Diori Hamani a 1974. An sake juyin mulki a 1996, da 1999, da 2010. Sai a 2021 zaɓaɓɓen shugaba ya fara miƙa wa zaɓaɓɓe mulki, wato Mahamadou Issoufou ya miƙa wa Mohamed Bazoum, shi ma sojoji suka ture shi a 2023.

Ku mutanen Maraɗi ba sai an ba ku labarin abin da ya biyo baya ba. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Najeriya ta yanke wutar lantarki, aka rufe iyaka. Manyan motoci suka yi jerin gwano, albasa na ruɓewa a buhu, shinkafa ta yi tsada. Ba a harba harsashi a kasuwa ba, amma ɗan kasuwa ya kasa ɗaukar bashin kaya, don bai san ranar da hanya za ta buɗe ba. Wannan ma, Malam, rashin kwanciyar hankali ne.