Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya

Tambaya: Likita, ƙanena a Bauchi ya kwana biyar yana zazzaɓi da ciwon maƙogwaro. Ya sha maganin maleriya, an yi masa allura a kyamis, shiru. Maƙwabta sun ce a gwada na taifot, ni kuwa Lassa nake tsoro.

Amsa: Malam, tsoronka yana kan hanya. Kada a ƙara masa komai a kyamis. A kai shi babban asibiti yau, kuma ku faɗa wa likita da bakinku cewa kuna zargin Lassa, don a ɗebi jininsa a gwada. Bauchi na cikin jihohin da cutar ta fi addaba, tare da Ondo da Edo da Taraba, musamman da rani.

Ga dalilin gaggawar. Bairos ba ya iya hayayyafa shi kaɗai, dole ya kutsa cikin ƙwayar halittar jikin mutum. Na Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, yana da ƙayoyi a fatarsa da yake maƙalewa da su a jikin wani sinadari da ke bayan ƙwayar halittar. Ita kuma sai ta haɗiye shi cikin wata 'yar jaka mai tsami, wadda aikinta narkar da baƙi. Tsamin nan ne yake sauya siffar ƙayar, ta saki abin da ta riƙe, ta kama wani sinadarin mai suna LAMP1, kamar yadda masana suka bayyana a 2014. Daga nan bairos ya ɓalle ya mayar da ƙwayar masana'antar buga irinsa. Mafi muni, da sojojin garkuwar jiki yake farawa, ya hana su yin kururuwar ankarar da sauran jiki, kamar ɓarawon da ya fara ɗaure maigadi. Kuma da yake bairos ne, maganin maleriya da na taifot ba sa taɓa shi ko kaɗan.

Sanin ƙofar shigar ya riga ya yi rana a kan Ebola. Magunguna biyu, Inmazeb da Ebanga, suna kama ƙayar bairos ɗin ne su hana shi shiga. An gwada su a Kwango, aka amince da su a Amurka a 2020. Lassa ba ta kai nan ba. Ribavirin ake bayarwa tun bayan wani bincike na Saliyo da aka buga a 1986, kuma masana da dama na ganin hujjar ba ta da ƙarfi sosai. An gwada favipiravir a Irrua da Owo, an kuma fara gwajin wata allurar rigakafi a Abuja a 2024, amma har yanzu babu wadda aka amince da ita. Abin da ke ceton rai a yau shi ne zuwa da wuri: ƙarin ruwa, lura da ƙoda, da wankinta idan ta gaza.

Kafin ku isa asibiti, mutum ɗaya ya yi jinyarsa, da safar hannu, kada ya taɓa jini ko amai ko fitsarinsa. Mai juna biyu ta nisance shi, domin cutar ta fi yi wa masu tsohon ciki illa. Za ku iya kiran hukumar NCDC a 6232 kyauta. A gida kuma a rufe abinci da hatsi, don ta fitsari da kashin ɓera ake ɗauka. Idan ya warke a duba jinsa, saboda Lassa kan bar wasu da kurumta.