Kiranyen Mota: Yadda Ake Gano Haɗarin Yoyon Mai Da Gobarar Inji Da Wayar Hannu

A watan Satumba na 2016 kamfanin Samsung ya nemi a mayar masa da wayoyin Galaxy Note 7 kimanin miliyan 2.5 saboda batirinsu yana kamawa da wuta, kuma bayan wata guda ya daina ƙera wayar gaba ɗaya. Wannan shi ne kiranye: kamfani ya gano aibu mai haɗari a kayan da ya riga ya sayar, sai ya kira masu shi domin a gyara ko a musanya kyauta.

Haka ake yi wa motoci duk shekara. Bambancin shi ne waya tana karɓar sanarwa ta intanet a duk inda take, ita kuwa takardar kiranyen mota ana aika ta ne ta gidan waya zuwa adireshin wanda ya yi rajistar motar a Amurka ko Kanada. Idan motar ta riga ta shiga gwanjo, ta hau jirgin ruwa ta sauka a Legas ko Kwatano, yanzu tana zirga-zirga tsakanin Gwandu da Birnin Kebbi ko tana kwana a ƙofar wani gida a Kalgo, babu takardar da za ta biyo ta. Amma bayanin yana nan a intanet, kyauta, kuma duk matashin da ke da waya da 'yar data zai iya nemo wa mahaifinsa ko maigidansa. Wannan darasi zai nuna yadda ake yi.

Me ya sa lamarin ya shafi Kebbi?

Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta ɗauki kaso mafi girma. Su ne ake ce wa tokumbo, ko Beljiyam, ko 'yar Kwatano. Camry da Elantra da Sonata da Lexus da ake gani a mararrabar Kalgo, ko a kan hanyar Bunza zuwa Kamba, da yawansu an ƙera su ne domin kasuwar Amurka. Wadda tsohon mai ita ya kai aka gyara kafin ya sayar, ta tsira. Wadda bai kai ba, ta zo da aibinta.

Yadda baƙin mai ke zama gobara

Baƙin mai yana fara fitar da tururi mai kamawa da wuta idan zafinsa ya ɗan haura digiri 200. Wuyan salansa, wato inda hayaƙi ke fita daga inji, yana iya wuce digiri 500 a doguwar tafiya. Muddin mai yana cikin inji babu matsala. Da zarar ya sami ƙofa ya ɗiga kan wannan ƙarfe, sai ya manne yana hayaƙi, kuma a kusa da shi akwai roba da tiyo da wayoyin lantarki da za su ciyar da wutar gaba. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kebbi ke haura digiri 40, tsohuwar roba da gasket sun fi saurin bushewa su tsage.

Misalai huɗu da ya kamata a sani

Na farko, Hyundai da Kia masu injin Theta II. A watan Satumba na 2015 Hyundai ya yi kiranyen Sonata 2011 da 2012 kimanin dubu 470. A masana'antarsa ta Alabama an bar ɓurɓushin ƙarfe a cikin karanshaf lokacin ƙira, ɓurɓushin yana toshe hanyar da mai ke bi, sai inji ya fara ƙwanƙwasa, daga nan ya buga. Wani lokaci kwanrod yakan fasa jikin injin, mai ya watsu kan salansa. A 2017 aka faɗaɗa kiranyen zuwa Sonata da Santa Fe Sport 2013 da 2014, da Kia Optima 2011 zuwa 2014, da Sorento 2012 zuwa 2014, da Sportage 2011 zuwa 2013. Wani injiniyan Hyundai mai suna Kim Gwang-ho ne ya kai bayanan cikin gida ga NHTSA, hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka, kuma a watan Nuwamba na 2020 hukumar ta yanke wa kamfanonin biyu tarar da ta kai dala miliyan 210 saboda jan ƙafa. Cikin gyaran da aka yi har da sabunta manhajar kwamfutar mota, ta yadda za ta saurari ƙarar inji, idan ta ji alamar lalacewa ta kunna fitila ta rage gudu.

Na biyu, yoyon man birki. A watan Satumba na 2023 Hyundai da Kia sun yi kiranyen motoci sama da miliyan 3.3 a Amurka, ciki har da Elantra 2011 zuwa 2015, da Accent 2012 zuwa 2015, da Optima 2011 zuwa 2015, da Rio 2012 zuwa 2017. Man birki yana iya yoyo a cikin na'urar ABS ya haɗa wuta, kuma hakan na iya faruwa ko mota tana ajiye a kashe. Shi ya sa aka umarci masu su da su riƙa ajiye su a fili, nesa da gini, har sai an canja musu fis.

Na uku, Toyota da Lexus masu fulogi shida, injin lita 3.5. A 2010 Toyota ya sanar da canja wani tiyon roba da ke kai mai saman inji a motoci sama da dubu 900 a Amurka, cikinsu akwai Camry da Avalon da RAV4 da Lexus ES 350 da RX 350 na tsakanin 2005 da 2010. Idan tiyon ya fashe, mai yana iya ƙarewa cikin ɗan lokaci. Kamfanin bai lissafa wannan a matsayin kiranye ba, ya kira shi shirin gyara mai wa'adi, don haka zai yiwu a duba jerin kiranye a ga babu shi. Camry mai fulogi huɗu ba ta cikin wannan.

Na huɗu ya nuna cewa sababbin motoci ma ba su tsira ba. A 2022 Ford ya yi kiranyen Escape 2020 zuwa 2022 da Bronco Sport kimanin dubu 345 masu injin lita 1.5, saboda wani akwatin tace mai yana tsagewa ya zubar da baƙin mai kusa da wurare masu zafi.

Lambar shasi ita ce mabuɗi

Kamar yadda kowace waya ke da IMEI, kowace mota tana da VIN, wadda aka fi sani da lambar shasi. Tun 1981 aka tsayar da ita a kan haruffa da lambobi 17. Babu harafin I ko O ko Q a cikinta, don kada a rikita su da 1 da 0. Ana samun ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kan takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, da kuma takardun Kwastan, domin tun 2022 hukumar ta fara amfani da ita wajen ƙiyasta harajin mota. Idan lambobin wurare ukun nan ba su zo ɗaya ba, to akwai lauje cikin naɗi.

Alama ta farko tana nuna ƙasar da aka ƙera motar: 1 ko 4 ko 5 Amurka ce, 2 Kanada, 3 Meziko, J Japan, K Koriya ta Kudu, W Jamus. Alama ta goma tana nuna shekara: 7 na nufin 2007, 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, C 2012, D 2013, a ci gaba a haka. Wannan yana da amfani sosai, domin akan canja wa mota fitilu da bamba a ce 2013 ce alhali 2008 ce. Kiranye yana bin shekarar da ke cikin VIN ne, ba fuskar da aka ɗora wa mota ba.

Matakan dubawa

1. A ɗauki hoton VIN da waya. Google Lens yana iya kwafo rubutun daga hoton, amma a sake karantawa da ido, domin yakan rikita 5 da S, ko 8 da B.

2. A buɗe Chrome ko wani burauza a rubuta nhtsa.gov/recalls. A tabbata adireshin yana ɗauke da .gov. Shafin kyauta ne. Duk wanda ya nemi lambar katin ATM kafin ya nuna kiranye, ba shi ba ne.

3. A zuba lambar a akwatin VIN a latsa nema. Wanda Turancin ya yi masa nauyi zai iya sa Chrome ya fassara shafin zuwa Hausa.

4. Idan akwai kiranyen da ba a gyara ba, shafin zai nuna lambarsa da bayanin aibin da haɗarinsa da gyaran da kamfani ya tsara. A ɗauki hoton allo a ajiye.

5. A sake nema da shekara da sunan kamfani da samfurin mota, ba tare da VIN ba. Nan ne ake ganin duk kiranyen da aka taɓa yi wa samfurin, da ƙorafe-ƙorafen masu shi, da takardun da kamfani ya aika wa bakanikensa.

6. A sauke manhajar SaferCar daga Play Store ko App Store a ajiye VIN a ciki, za ta sanar idan sabon kiranye ya fito.

Sifili ba ya nufin mota lafiya lau take

Binciken VIN yana nuna kiranyen shekaru 15 da suka wuce ne kawai, kuma waɗanda ba a gyara ba. Ba ya nuna shirin gyara irin na tiyon Toyota. Wannan sai a shafin kamfanin, toyota.com/recall. Haka kuma ba ya sanin motar da aka ƙera don Turai ko Dubai. Wadda ta fito daga Ingila ana duba ta a gov.uk da tsohuwar lambarta ta can, ta Kanada a shafin Transport Canada, ta Turai kuma a Safety Gate na Tarayyar Turai.

Idan an ga kiranye, sai me?

Dokar da ta tilasta gyara kyauta ta Amurka ce, ba ta bin mota zuwa Kebbi. Duk da haka ana iya tura VIN da lambar kiranyen ga wakilin kamfanin a Najeriya a tambaya ko zai yi gyaran, kuma nawa ne. Ko bai yi ba, bayanin ya riga ya biya kuɗin data, domin maimakon a ce wa bakanike “duba min ita”, za a nuna masa ainihin wurin. Mai Lexus ko Camry mai fulogi shida ya sa a duba ko bututun man yana da roba a tsakiya, idan yana da ita a sa na ƙarfe zalla. Mai Sonata ko Optima ya riƙa duba ma'aunin mai kowane mako, ya yi juye a kan lokaci, kuma kada ya yarda a rufe fitilar gargaɗi da salatif ko a cire ƙwanta. Mai Elantra ko Rio kada ya bari a ɗaura waya a madadin fis, domin fis shi ne mai yanke wuta kafin ta zama gobara. Kafin a gyara, motar ta kwana a fili, ba a ƙarƙashin rumfar kara ba, ba kusa da rumbu ko tarin harawa ba.

Ga mai shirin saye kuwa, binciken ya zo kafin ciniki. Dillalin da ya ƙi turo hoton VIN ta WhatsApp ya riga ya ba da amsa.

Alamomin da ba a jira

Gwaji mafi sauƙi shi ne a shimfiɗa kwali a ƙarƙashin inji da dare a duba da safe. Ɗigo baƙi ko ruwan ƙasa baƙin mai ne, mai ja-ja yawanci man giya ne, fari mai ɗan rawaya kuma man birki. Ƙaurin mai idan an tsaya, hayaƙi daga bonet, ƙwanƙwasa mai ƙaruwa idan an taka totur, da jar fitilar mai, duk suna nufin a tsaya a kashe inji. Lallaɓawa “har a isa Birni” da jar fitila a kunne ita ce ke mayar da gyaran tiyo ya koma sayen inji.

Idan wuta ta tashi, a gangara gefen hanya, a kashe mota, a fitar da kowa, a matsa aƙalla mita 30. Kada a wage bonet, iska za ta ƙara wa wutar ƙarfi, kuma kada a watsa ruwa a kan wutar mai ko fetur. Tukunyar kashe gobara mai hoda, wadda hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ke nema a kowace mota, tana aiki ne a farkon wuta kawai, don haka ta zauna inda hannu zai kai, kuma a riƙa duba allurarta tana kan kore. Jarkar fetur ta 'yan bumburutu a cikin but tana iya mayar da ƙaramar wuta babba. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ta FRSC kuma 122. A ajiye su a waya tun yanzu.

Dubawar ba ta wuce minti biyar ba. Mai karatu ya fara da motar gidansu yau, gobe ya duba ta maƙwabci da ta direban da ya saba ɗaukarsa a tasha. Allah Ya tsare hanya.